Ciwon Balki Da Muka Yi Ta Kora Da Ƙaho

A wani gidan suna na ji labarin 'yata a bakin matar da ba ta san ni ba. Muna zaune ana rabon goro, zance ya biyo ta kan masu rigakafin nan da ke bi gida-gida. Sai matar ta gyara zama ta ce ai can da, a Argungu, an taɓa yi wa wata yarinya allurar bindiga, ruwan allurar ya bi ta gaɓa-gaɓa ya nakasa ta, daga baya ya kashe ta. Ta ce daga bakin uwarta ta ji, kuma uwarta ba ta ƙarya. Mata suka ɗauki salati. Ni kuwa goron na hannuna, na kasa kai shi baki. Na so in yi magana, amma na san halina, in na fara ba na tsayawa, ga shi ranar farin cikin mutane ce. Shi ya sa da na dawo gida na nemi takarda. Ni ce uwar yarinyar. Sunana Kulu, sunanta Balki, kuma ba haka abin ya faru ba.

Lokacin ba a yanke mana jiha ba, da mu a Argungu da mutanen Birnin Kebbi duk Sakkwato muke kallo. Maigidana, Malam Umaru, manomi ne, shinkafa a fadama da damina, albasa da rani. Mutum ne mai son rediyo, har ina yi masa tsiya cewa ranar da batir ya ƙare ba ya sanin ko gari ya waye. Mahaifiyarsa, Inna, tana tare da mu a gida. 'Ya'yanmu huɗu, Balki ce ta uku. Shekararta tara, kuma ƙafarta ba ta san zama ba. In ka aike ta sayen gishiri, kafin ka juya miya ta dawo.

Zan fara da abin da na fi daɗewa ina ɓoyewa. Da aka haifi Balki 'yar mitsitsiya ce, sai Malam ya hana a cire mata beli, ɗan naman nan mai reto a ƙarshen ganda wanda wanzamai ke cire wa jarirai. Ya ce ba ta da jinin da za a zubar. Inna ta yi faɗa har ta gaji, maganar ta kwanta shekara tara. To a farkon bazarar da nake ba da labari, Malam ya tafi Augie wajen albasarsa zai yi kwana goma. Bayansa Balki ta tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko kunu ba ya wucewa sai da hawaye. Inna ta buɗe mata baki ta leƙa.

"Belu na," in ji Inna. "Ga shi nan ya kumbura ya sauko. In ya hwashe cikin wuya sai dai wata ba ita ba. Kulu, aika a kira Mamman tun ubanta bai dawo ba."

Ba zan ɗora wa tsohuwa laifin ita kaɗai ba. Ni ma abin da na yarda da shi ke nan, haka aka yi wa uwata, haka aka yi mini. Mamman wanzamin gidanmu ne tun kakanni. Ya zo da hantsi, ni na riƙe Balki tsakanin gwiwoyina, ya yi aikinsa ya tafi da kaza. Bayan kwana huɗu wuya ya lafa, muka ce ka gani. Muka ja kunnen yarinyar: kada ta kuskura ta gaya wa babanta, ko shi ko wani. Ta ɗaga kai ta ce to.

Sati biyu da 'yan kwanaki bayan haka aka fara jin sanƙarau a ƙauyukan gefenmu. Rediyo ya ce za a zo rigakafi, aka kuwa zo, aka kafa tebur a filin makaranta da wata na'ura mai kama da bindiga da ake dangwala wa mutum a dantse. Inna ta ce ba da jikokinta ba.

"Umaru, yaro lahiya lau a kai shi a harbe shi? Wa ya san abin da anka ɗura ciki?"

"Inna, sanƙarau ba shi sallama," in ji Malam. "Kwana guda shika yi da yaro."

Ya tasa su gaba su huɗu ya kai su da kansa. Duka suka dawo da dantse a kumbure, suka yi ɗan zazzaɓi na kwana biyu, ya wuce. Wannan kam na allurar ne, ba na musu, masu yin ta ma sun faɗa tun a wurin.

Kwana biyar da allurar, da safe, Balki ta yunƙura za ta tashi daga tabarma ta fasa ƙara. Gwiwarta ta dama ta kumbura, ta yi zafi kamar an ɗauke ta daga murhu. Ko zanen rufa ba ta yarda ya taɓa wurin. Jikinta ya koma zazzaɓi. Na dubi Inna, Inna ta dubi Malam, tunanin kowa ya tafi kan allurar.

Satin farko gidanmu ya zama kasuwar shawara. Wannan ta ce sanyin ƙashi ne a gasa da ganyen tumfafiya. Waccan ta ce a shafa man shanu da toka mai ɗumi. Wata maƙwabciyarmu da ko zazzaɓin kaza ba ta taɓa warkarwa ba ta zauna ta yi mana bayanin yadda ruwan allura ke daskarewa a gaɓa. Duk wadda ta shigo tambayarta ɗaya: an yi mata ta bindigar nan? Da an ce e, sai ta girgiza kai, magana ta ƙare. Ba wadda ta tambayi me ya sa sauran ukun suke tsalle a tsakar gida, ni ma ban tambaya ba.

Aka kira Mamman. Ya taɓa gwiwar, ya ce ruwan ne ya taru, a zuƙe shi. Ya yi 'yan tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya zubar da baƙin jini a katanga ya nuna mana.

"Kun gane shi? Ruwan allurag ga na. Jini lahiyayye ba shi yin wanga baƙi."

Bayan kwana uku gwiwar ta saɓe. Inna har sadakar ƙosai ta yi. Washegari idon sawun hagu ya kumbura.

Nan ne muka yi kuskuren da ya fi kowanne, kuma mun yi shi ne da hankalinmu, muna ganin dabara muke yi. Mamman ya ce ruwan ne ya ji wuta ya gudu, yana yawo yana neman ƙofar fita, sai a bi shi duk inda ya sauka. Maganar ta zauna mana daram, don ga shi muna gani da idonmu. Aka kafa ƙaho a idon sawu, bayan kwana uku ya saɓe, ciwon ya ɓulla a wuyan hannu. Aka bi shi can, ya koma gwiwar hannu. Duk inda aka kafa ƙaho sai ciwon ya tashi, mu kuwa mu ce aiki na kyau. Ba mu san ko ba a taɓa shi ba haka yake, kwana kaɗan yake yi a gaɓa ya ƙara gaba. Jikin 'yata ya cika da tsaga. Da ta ji sallamar Mamman sai ta fara rawar jiki ta riƙe mini zane.

Malam ya daina kunna rediyo. Wannan shi ya fi ba ni tsoro. Ya rage cin abinci, in na kai masa tuwo sai in ɗauke kwanon kusan yadda na ajiye. Ran nan da la'asar, cikin sati na biyu, yana zaune bakin ƙofar ɗaki yana kallon Balki tana nishi, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ni nik kai ta da hannuna, Kulu. Tana ce mani tsoro taka ji, ni ko ina dariya. To wallahi allura ba ta ƙara shiga jikin ɗiyag ga ina raye. Wanda dut yab bari anka yi mata, ban yahe ba, duniya da lahira."

Inna ta ce, "Yanzu kay yi magana."

Ni ma na ce amin a raina. Haushinsa nake ji a lokacin, kuma ban ɓoye masa ba. Sau nawa na wuce shi ina cewa ga abin da rediyo ya jawo mana.

Sati na uku zazzaɓin ya ƙi sauka, Malam ya ce a dai kai ta asibiti a karɓo ƙwaya. Ya goya ta a keke, na bi su a ƙasa. Mun isa rana ba ta yi zafi ba, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Malamin asibitin dattijo ne, ya gaji, amma ya duba ta a tsanake. Ya ga tsagar da ke jikinta ya yi tsaki. Ya saurari ƙirjinta. Sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Kahin abin ga ya hwara, ta yi wani ciwo? Ko zazzaɓi, ko tari, ko ciwon wuya?"

"Babu," in ji Malam. "Lahiyarta lau har ranar da anka yi mata allura."

Ina tsaye a bayansa. Na ji tambayar sarai. Zuciyata ta ce ciwon wuyan ai ya wuce tuntuni, me ya haɗa wuya da gwiwa? Ta kuma ce in na faɗa, nan take maganar beli za ta fito a gaban mutane, Malam ya san mun ci amanarsa. Na sunkuyar da kai na gyara mayafi. Balki ta ɗago ta dube ni, ita ma ta yi shiru.

Malamin asibitin ya ce zai yi mata allura, kuma mu kai ta Birnin Kebbi likita ya gan ta, don akwai abin da ya ji a ƙirjin da bai kwanta masa ba. Da jin allura Malam ya sunkuci 'yarsa ya yi waje. Dattijon nan, Allah Ya saka masa da alheri, ya biyo mu har baranda ya danƙa mini ƙwayoyin asfirin a takarda, ya ce ko wannan a daure a ba ta.

Ƙwayar ta yi aiki kamar yankan wuƙa. Cikin kwana biyu kumburi ya tafi, zazzaɓi ya sauka, Balki ta miƙe tana dafa bango. A satin kuma Mamman ya yi ƙahonsa na ƙarshe a kafaɗa, ya ce ruwan ya fita ke nan. Kowa ya yaba wa Mamman. Maganar Birnin Kebbi ta bi ruwa. Sati na huɗu da na biyar muka yi su cikin murna, har Malam ya sayo batir.

Ni na fara lura. Yarinyar da ba ta san tafiya ba sai gudu, yanzu daga ɗaki zuwa madafa sai ta zauna ta huta. In ta ɗauki ɗan tulu sai ta ajiye tana haki. Ta daina yarda ta kwanta miƙe, sai ta jingina da bango, ta ce in ta kwanta numfashi guduwa yake yi. Inna ta ce rama ce ta mai tashi daga ciwo, a dama mata fura da yawa. A sati na shida ƙafafunta suka kumbura, ba irin kumburin da ba, wannan ba zafi, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ƙwaya ta ƙare, gwiwa ta dawo. Na ɗora hannu a ƙirjinta na ji zuciyar tana bugawa kamar ta tsuntsun da aka kama.

Allah Ya kawo yayana, Bello, tela ne a Birnin Kebbi, ya zo gaishe mu. Ya dubi Balki sau ɗaya ya fita ya sami Malam a zaure. Ina jiyo su. Yaya Bello ba ya ɗaga murya, amma ranar ya ɗaga.

"Malam, in ba ka ba ni ita ba, na rantse sai in tahi da ƙanwata in bar maka gidan. Ɗiyag ga mutuwa taka yi kuna kallo."

Malam ya yarda, amma da sharaɗi. A duba ta, a ɗauki hoton ƙirji, a ba ta ƙwaya ko ta ruwa. Allura kam a'a. Ya shigo ya maimaita mini a gaban Inna. Shi zai tsaya ya fitar da albasa ya sayar, duk da farashi bai tashi ba, ya biyo mu bayan kwana biyu.

Muka hau mota da sassafe. Balki na kan cinyata a zaune, kanta a kafaɗata. Wajen Ambursa ta ce mini, "Iya, ki ce ma direba shi buɗe taga," alhali tagar a buɗe take. Ban san sanda na fara karanta duk abin da ya zo bakina ba.

Asibitin Birnin Kebbi kuwa, sai wanda ya gani. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, kuma ba wanda zai gaya maka wanne ne wanne sai ka kai gaba a ce ka koma baya. Wani mai rubuta suna ya bar mu tsaye ya tafi cin abinci, ya dawo yana sakace. Na gaya masa maganar da har yau in na tuna sai in yi istigfari. Amma a layin nan ne wata mata da ban san ta ba ta tashi daga benci ta ba Balki wurinta, ta yi ta yi mata fifita da murfin kwano. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa, ta ga yadda yarinyar ke numfashi, ta kama hannuna ta tsallake da mu gaban kowa.

Likitan saurayi ne, Hausarsa ta Kano. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjin Balki ya daɗe, ya matsar, ya sake daɗewa. Na zayyana masa komai: allurar bindiga, gwiwa, idon sawu, wuyan hannu, yadda ruwan ke yawo. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce:

"Yaran da aka yi wa allurar tare da ita fa?"

Na ce lafiyarsu lau.

"Kafin gwiwar, da kamar sati biyu ko uku, ta yi ciwon maƙogwaro?"

Na ce a'a. Malam ba ya wurin, amma ƙarya in ta saba da baki ba ta jiran izini.

Ya dube ni, ya ɗauki tocila, ya ce wa Balki ta buɗe baki. Ta damƙe leɓɓanta. Ya lallashe ta, ta ƙi. Numfashi na yi mata wuya, hancinta na buɗewa yana rufewa, amma ta ƙi buɗe bakin nan, idonta na kaina. Sai a lokacin na gane. Mun ce kada ta gaya wa kowa, ita kuwa ta san in ta buɗe za a gani. Wata biyu da rabi tana riƙe da maganar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Buɗe, Balki. Buɗe, ba komi." Muryata ko ni ban gane ta ba.

Ya haska, ya kashe tocilar. "Yaushe aka cire?"

Na faɗa masa duka, har da kazar.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce ba yankan ne ya kawo ciwon ba, kuma ba yankan ne ya warkar da wuyan ba. Akwai irin ciwon maƙogwaron yara da ke lafawa don kansa, amma in ba a kashe shi da magani ba, bayan 'yan makonni sai ya dawo ta gaɓoɓi. Ya ce yawon nan da muka ga yana yi, shi ne ma babbar alamarsa. Allurar rigakafi ta zo ne kawai ta tarar da shi a hanya. Sai ya faɗi maganar da ban taɓa mantawa ba:

"A gwiwa baƙo ne, kwana uku ya wuce. A zuciya yake neman wurin zama, kuma ya samu."

Mun bar jaki muna ta dukan taiki, sati shida. Na tambaye shi maganin. Ya ce za a kwantar da ita, akwai ƙwayoyi, akwai na rage ruwan da ya taru. Amma babban abin allura ce, yau ɗin nan, sannan duk wata, shekara da shekaru, don kada ciwon ya sake dawowa ya ƙara cin zuciyar.

Na ce ubanta ya yi rantsuwa. Ya ce ina uban? Na ce yana Argungu, sai jibi. Ya ce shi ba zai yi mata dole ba, amma kuma ba zai ce mini jibi daidai take da yau ba. Na dubi Yaya Bello. Ya ce, "Kulu, ɗiyarki ta. Ni ba ni yanke maki." Ma'aikaciyar jinyar na tsaye da faranti a hannu tana jira.

Ban yafe ba, duniya da lahira. Kalmar nan ita ke kai da kawowa a kunnena. Ni da na taso ana gaya mini aljannar mace na ƙarƙashin ƙafar mijinta. Kuma in gaskiya zan faɗa, tsoron allurar bai gama fita daga raina ba, sati shida ina shayar da shi. Idan aka yi ta mutu fa? Na dubi ƙafafun Balki da suka yi suntum, na dubi tsagar da ke gwiwarta. Na kama ta na kifa a cinyata, kamar yadda na riƙe ta ranar Mamman.

Na ce, "Ku yi. In da alhaki, bisa kaina."

Kwana biyun da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba, duk da matar Yaya Bello na kawowa daga unguwarsu, Badariya, safe da yamma. Ina zaune gefen gado ina ƙirga numfashi. Kumburin ƙafa ya fara saɓewa. Ranar ta uku da la'asar Malam ya shigo da ƙullin fura a hannu. Balki na ganinsa ta yi murmushi ta ce, "Baba, an yi mani allura, ta yi zahi, amma ban yi kuka da yawa ba."

Ya ajiye furar a hankali. Ya ce, "Kulu, zo."

Muka fita gindin wani dogon yaro a bayan ɗakin. Ban bari ya fara ba, don na san in ya fara ba zan iya ba. Na gaya masa ciwon wuya, da Mamman, da jan kunnen da muka yi wa yarinya, da abin da likita ya ce. Ban sa sunan Inna a gaba ba, na ce ni ce.

Da ya buɗe baki, ba abin da nake jira ya faɗa ba.

"Ba allurar da nik kai ta ba ta?"

Na ce likita ya ce ba ita ba ce.

"Ki sake hwaɗi."

Na sake faɗa. Sai mutumin nan ya zauna a ƙasa, cikin rigarsa ta zuwa unguwa, ya rufe fuska da hannu biyu. Shekara goma sha biyar muna tare ban taɓa ganin hawayensa ba. Da ya natsa ya ɗago ya ce:

"Na san ba ki san wuya na kai ga zuciya ba, ni ma ban sani ba. Amma ranar da malamin asibiti yat tambaya, kina bayana, Kulu. Kina bayana."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

Ya shiga ya nemi likitan ya ji da kunnensa. Ya tambaye shi ko da an kawo ta tun satin farko da zuciyar ta tsira. Likitan ya ce wannan sai Allah, ba zai yi masa alkawarin abin da ya wuce ba, amma da ba ta yi sati shida tana fama ita kaɗai ba. Kwanan Balki ashirin da wani abu a gadon nan. Ranar sallama Malam ya ce mini, a gaban Yaya Bello, maganar da ya yi ta rashin yafewa ya janye ta, zai yi kaffarar rantsuwarsa. Maganar shirun da na yi kuwa bai sake tayar da ita ba har ya koma ga Allah. Inna ta rasu tana cewa allurar ce. Ba mu ja da ita ba, ita kuma ba ta hana a kai yarinyar ba.

Malam bai iya lissafin kalanda ba, sai ya ɗaura abin da tsayuwar wata. Da an ga jinjirin wata, washegari zai goya Balki a keke zuwa asibiti, ko ana tsakiyar yankan shinkafa. Allurar mai kauri ce, mai zafi, takan yi kwana biyu tana ɗingishi. Mutanen unguwa na ganinsu suna cewa Malam Umaru bai daddara ba. Sau ɗaya aka yi wata uku ba maganin a ko'ina, gaɓoɓin suka tashi kamar da, aka sake kwantar da ita. Ban da wannan ma, duk damina sai ta yi kukan gwiwa da wuyan hannu, mu gasa mata da ruwan ɗumi. Ba ta ƙara gudu ba. Daka da ɗaukar ruwa duk an ɗauke mata. Sai ta koyi saƙar hula a zaune, ta kuwa iya, har daga Birnin Kebbi ake aiko mata.

Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya da ƙyar, likitoci suka ce kada ta ƙara. Tana da shekara ashirin da bakwai zuciyar ta gaji. Ta rasu a zaune, jingine da ni, da hantsi. 'Yan'uwanta uku da aka yi wa allurar bindiga rana ɗaya da ita suna nan da ransu, har da jikoki.

Na gode wa dattijon da ya biyo mu baranda, da matar da ta ba mu benci, da likitan da bai kunyata ni ba. Mamman ma na yafe masa, abin da ya gada ya yi, kuma mu muka kira shi. Ban ce allura ba ta da nata ba, na ga kumburin dantse, na ga zazzaɓin kwana biyu, kuma duk wanda ya ga abin da bai gane ba bayan rigakafi ya koma ya tambaya, haƙƙinsa ne. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Yaro in ya yi ciwon wuya da zazzaɓi, a kai shi a duba. Ciwon da ke tashi daga gaɓa zuwa gaɓa ba hanyar fita yake nema ba. In kuma mai magani ya yi tambaya, a faɗa masa har abin da ake jin kunya.

Ke kuma baiwar Allah ta gidan suna, ban ji haushinki ba, abin da kika ji kika faɗa, kuma daga gidanmu labarin ya fita. In wannan takarda ta iso gare ki, ki gyara shi. Ki ce yarinyar sunanta Balki. Ki ce ubanta ya kai ta rigakafi, bai cuce ta ba. Ki ce uwarta ce ta ce mata ta yi shiru, ita kuma ta yi, har numfashi na neman gagararta ba ta buɗe baki ba sai da na ce ta buɗe.